Harafi Ɗaya Ba Bayit Ɗaya Ba Ne

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba take ajiyewa. Tsarin ASCII na Amurka ya tanadi lambobi 128, kowace ta shige cikin bayit guda, kuma harsunan rubuta manhaja da yawa sun taso da zaton cewa kowane harafi bayit ɗaya ne. Wannan zato yana cikin abubuwan da ke jawo lalacewar rubutu. Rubutun Japan mai dubban haruffa ba ya shiga wannan awo, don haka tsarin Shift_JIS ya ba kowane harafin kanji bayit biyu. Sai dai a wasu haruffan bayit na biyun yakan zamo 5C, lambar alamar \ ke nan, wadda harsuna irin su C da PHP suke ɗauka a matsayin umarni kan harafin da ke biye. Harafin 表 ana ajiye shi a matsayin 95 5C, ソ kuma 83 5C. Manhajar da ke bin rubutu bayit-bayit sai ta ga alamar inda babu ita, ta haɗiye rabin harafi, sunan mutum ko adireshinsa ya koma shirme.

Wani zai ce ai tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, ya kawar da wannan. Gaskiya ne ya rufe ƙofar 5C, domin babu bayit ɗinsa na harafi mai tsawo da ke karo da na ASCII. Amma bai gyara ƙirga ba. A cikinsa 表 bayit uku ne, namu ƙ da ɗ da ɓ kuwa bibbiyu. Ka ba strlen na PHP, mai auna tsawon rubutu, kalmar "ƙasa", 5 zai ce maka. Sai mb_strlen ne zai ce 4. Duk manhajar da ke datse rubutu da ƙirgan bayit tana iya raba harafi biyu, na Japananci ne ko na Hausa.

Maganin da ya fi ƙarko shi ne harshen rubuta manhajar da kansa ya raba bayit da rubutu, a fassara bayanai da zarar sun shigo, a kuma faɗi tsarinsu ƙarara, ba a bar manhaja tana canke ba. Hanyar da Python 3 ya bi ke nan a 2008. Masu ƙorafi sun ce sauyin ya wahalar, kuma ba ƙarya suka yi ba, tunda Python 2 bai yi ritaya ba sai 2020. Amma wahalar ta sauka kan mai rubuta manhaja, wanda kuskuren ke bayyana a gabansa tun yana gwaji, maimakon mai amfani da ba shi da yadda zai yi.