Ka Saka Fatun HD, Gem Ya Fara Sarƙewa: Ina Matsalar Take?

Shirin yau na masu buga tsofaffin wasannin PS2, GameCube da PSP ne a ƙananan laftof, ta manhajojin da ke kwaikwayon waɗannan na'urori, wato PCSX2, Dolphin da PPSSPP. Ka ƙona data ka sauke kunshin hotunan HD don gem ya yi kyau, kana kunnawa sai ya fara tsinkewa, ko ma ya rufe kansa. Kafin ka ce laftof ɗin ta mutu ka nufi kasuwa, tsaya mu duba.

Duk abin da kake gani a gem, bango ne, riga ce, ciyawar fili ce, hoto ne aka lulluɓa wa siffa kamar fata. Su za mu riƙa kira fatu a nan. PS2 tana da RAM megabait 32 kacal, shi ya sa fatunta na asali ƙanana ne. Masu sha'awa suka sake zana su da girma, manhajar kuma ta musanya tsohuwa da sabuwa lokacin da kake wasa.

To ga inda gizo ke saƙar. Girman fayil a faifai ba shi ne girmansa a ƙwaƙwalwa ba. Hoton PNG a matse yake, sai an warware shi kafin a nuna, kuma kowane ɗigo yana cin bait 4. Fata mai ɗigo 256 tsawo da faɗi tana cin kwatan megabait. Mai 1024 tana cin megabait 4. Mai 4096 kuwa megabait 64, ninki biyu na RAM ɗin PS2 gaba ɗaya, a hoto guda. Sannan ƙananan laftof masu Intel HD ko UHD ba su da ƙwaƙwalwar hoto ta kansu, a RAM ɗinka suke tsakura. Idan gigabait 4 gare ka, Windows ta ci nata, birawuza ta ci nata, me ya rage?

Don haka gwajin farko, kashe fatun gaba ɗaya ka buga. Idan har yanzu gem na jan ƙafa, ba laifinsu ba ne. Jona caja, domin laftof na rage ƙarfinta idan tana kan batir. Ɗaga ta daga kan katifa, ka duba ko ƙurar hunturu ta toshe fanka, saboda zafi ma na sa ta rage gudu. Sai ka rage girman hoton da manhajar ke zanawa. Sikirin mai 1366 da 768 ba ya buƙatar fiye da ninki 2 a Dolphin ko PCSX2.

Idan gem ya tafi lafiya babu fatun, to mun kama mai laifi. Sai ka lura da alamar da yake nunawa.

Ta farko, ka saka amma babu abin da ya canza. Wannan yawanci matsalar folda ce. Kowane gem yana da lambarsa, kuma ta Amurka daban take da ta Turai. A Dolphin, Wind Waker na Amurka GZLE01 ne, na Turai GZLP01, kuma foldar tana zama a cikin Load, sannan Textures. A PCSX2 sai ka sa fatun a foldar replacements da ke ƙarƙashin lambar gem ɗin. A PPSSPP wurinsu foldar TEXTURES ce a cikin PSP. Ka kuma duba ko wajen buɗe zif folda ta shige cikin wata folda mai suna iri ɗaya. Kar ka manta da kunna maɓallin a saiti, a Dolphin sunansa Load Custom Textures.

Ta biyu, gem na gudu daidai, amma da ka shiga sabon wuri sai ya tsaya cak na ɗan lokaci. Manhajar ce ke ɗauko fatu daga faifai tana warwarewa. A PCSX2 kunna Asynchronous Texture Loading, zai nuna tsohuwar fata kafin sabuwar ta iso. Idan laftof ɗin na da SSD, mayar da kunshin can.

Ta uku, gem ya rufe kansa ko kwamfutar duka ta daskare. RAM ce ta cika. Danna Ctrl, Shift da Esc tare ka gani da idonka. A nan ne shawarar da ake yawan bayarwa ke cutar da masu ƙananan na'ura: wai ka kunna Prefetch Custom Textures a Dolphin, ko Precache Textures a PCSX2. Aikinsu shi ne kwashe kunshin duka su zuba a RAM tun farko. Ga mai gigabait 16 magani ne, amma ga mai 4, tura kayan tirela ne a Keke Napep. Kashe shi.

Mafita mafi inganci ita ce tun wajen saukewa. Idan mai kunshin ya fitar da nau'i biyu, ɗauki ƙaramin, ka bar na 4K ga masu manyan sikirin, don naka ba zai nuna bambancin ba. Idan akwai DDS, zaɓe shi a kan PNG. Shi DDS a matse yake zama har cikin ƙwaƙwalwa, fatar nan mai megabait 64 tana komawa 16 ko 8, kuma babu wahalar warwarewa.

In kuma dole sai ka kashe kuɗi, fara da ƙarin RAM idan laftof ɗinka na da gurbi. Sanda biyu sun fi ɗaya ga Intel HD, domin hanyar ɗibar bayanai ta zama biyu. Amma ka yi gwaje-gwajen nan tukuna, kana canza abu ɗaya a lokaci guda, don ka san wanne ne ya yi aiki.

Ku faɗa mana gem ɗin da ke ba ku wahala da yawan RAM ɗinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.