Sarƙar Babur: Abin Da Mahaya Na Ƙasar Mubi Ya Kamata Su Lura Da Shi

Duk wanda ya san hanyoyin karkara da suka tashi daga Mubi zuwa Gella, ko Maiha, ko Sahuda a bakin iyakar Kamaru, ya san irin wahalar da babur yake sha a gindin duwatsun Mandara. Da rani ƙura, da damina taɓo, ga kuma buhunan hatsi a baya. Sarƙa, wadda makanikai suke kira cen, ita ce take ɗaukar wannan nauyi duka, amma ba safai ake duba ta ba sai ranar da ta tsinke. In kuwa ta tsinke ko ta zame ana cikin gudu, tana iya cije tayar baya ta kā da mahayi.

Jama'a sukan ce sarƙa ta miƙe. Abin da yake faruwa shi ne, yashi yana shiga gaɓoɓinta ya gauraya da mai, ya dinga cin ƙarfen sannu a hankali har ta ƙara tsawo. Gane haka ba shi da wuya. A kama sarƙar ta bayan faifan nan mai haƙora na tayar baya, a ja ta. Idan ta ɗago har rabin haƙori ya bayyana, to, ta gama aiki. Haka nan idan haƙoran sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙugiya. Mai son tabbatarwa sai ya auna: a sarƙa mai lamba 428, wadda yawancin ƙananan babura suke amfani da ita, tazarar gaɓa 20 milimita 254 ce tana sabuwa. In ta kai wajen 259, sai canji.

Wajen ɗauri kuwa, a bar mata sassauci na santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, a kuma daidaita notunan gefe biyu don kada taya ta karkace. Ɗaurin da ya yi tsanani yakan lalata boris na giya. Bayan kamar kilomita 500, ko an ratsa ruwa, a wanke ta da kananzir a sa mata man giya. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da garin ƙarfe, a guje shi. Makullin sarƙa kuma, rufaffen bakinsa ne zai fuskanci inda take tafiya.

Wata al'ada da ta zama ruwan dare ita ce cire gaɓa ɗaya ko biyu don a rage tsawo. Wannan araha ce wadda ba ta ado, domin gaɓoɓin da suka rage su ma a cinye suke, kuma tsohuwar sarƙa takan ci sabon faifai kamar yadda tsohon faifai yake cin sabuwar sarƙa. Saboda haka a canza sarƙa da faifanta biyu a tare. Kuɗinsu bai kai na jinyar karaya ba, balle asarar rai. Allah Ya kiyaye hanya.