Risho ko kilishi: muhawarar mafarautan tsaunukan Amurka

Idan watan Satumba ya kama, mafarauta a jihohin Colorado da Montana da Idaho na Amurka kan shiga tsaunukan Rocky neman elk, wata ƙatuwar dabba dangin barewa. Mota ba ta kai wa inda suke zuwa, don haka duk guzurin kwana biyar ko mako guda a bayansu suke goya shi. Shi ya sa ake ta jayayya a tsakaninsu: a ɗauki ɗan rishon gas ko a bar shi a gida?

Masu cewa a bar shi lissafin nauyi suke yi. Idan mutum ya yi sa'a ya kashe elk, doka ta hana shi barin naman ya lalace a daji, dole ya yi ta sawu yana kwaso shi har bakin hanya. Waɗannan sun gwammace su ci busasshen nama irin kilishinmu da gyaɗa da cuku, ko su jiƙa hatsi da ruwan sanyi, kamar dai yadda matafiyi yake jiƙa garin kwaki.

Sai dai nauyin da ake gudu bai taka kara ya karya ba. Rishon MSR PocketRocket 2 giram 73 ne kacal, ƙaramin gwangwanin gas kuma kusan giram 200 idan yana cike. Hura wutar itace ma ba kullum take yiwuwa ba, domin lokacin fari hukumomin gandun daji kan haramta ta saboda gobara, amma galibi sukan ƙyale rishon da ke da makashi.

Shi ma rishon yana da nasa sharaɗin. A tsayin mita 3,000 ruwa na tafasa ne a kusan digiri 90, abinci kan jima bai nuna ba, kuma gas kan yi sanyin gwiwa idan sanyi ya tsananta. Shi ya sa wasu ke kwana da gwangwanin cikin bargonsu. A yankunan da ke da beyar kuwa, ana girki ne nesa da tanti saboda ƙamshi.

A ganina, a farkon kaka ana iya yin kwana biyu babu risho. Amma a Nuwamba, lokacin da ƙoramu suka daskare, shi ne zai narkar da dusar ƙanƙara a samu ruwan sha, shi ne kuma zai ba mutumin da ya jiƙe yana makyarkyata kofin shayi mai zafi.