Inda ruwan kogi ke gamuwa da ruwan teku

Ƴan'uwa manoma, mu a ƙasar Waca ruwan tabki da na korama muka sani. Damina ta kawo shi, rani ya shanye. Amma akwai koguna masu tafiya har teku. Kogin Isa, wanda ya ratsa Yamai da Gaya, daga duwatsun Gine yake fitowa. Yakan yi tafiyar kilomita fiye da 4.000 kafin ya faɗa teku a kudancin Najeriya.

Ruwan teku ba ya shayuwa, don kowace lita tana ɗauke da gishiri kamar giram 35. Wannan gishiri ya sa ya fi ruwan kogi nauyi. Saboda haka idan suka gamu ba nan take suke cakuɗewa ba. Na kogi yakan bi sama, na teku ya kwanta ƙasa, ya kutsa cikin kogin ta ƙarƙashi.

Kowa na iya gwadawa a gida. A narkar da gishiri mai yawa a rabin kofin gilashi. A jiƙa zoɓo a wani kofi, a tsiyaya shi a hankali a kan ruwan gishirin. Jan zai tsaya a sama. Sai an motsa da cokali za su haɗu.

To, wa ke motsawa a bakin kogi? Teku ce da kanta. A galibin wurare takan cika ta janye sau 2 a kwana guda, iska kuma na taimakawa. A nan ake samun ruwa mai zartsi, inda ƙananan kifaye ke girma.

Idan kogi ya cika, yakan tura gishiri baya. Idan ya rage, gishiri ya hauro. Duk mai lambu a kwari ya san ɓarnar kanwa: ƙasa ta yi fari, shuka ta ƙone. Irin wannan ɓarna manoman kogin Senegal suka sha a shekarun fari na 1970 da 1980. Da rani ruwan teku kan hauro kamar kilomita 200, ya hana ban ruwa, na sha ma ya yi wuya. A 1986 aka gama madatsar Jama kusa da bakin kogin, ta tare gishirin. Daga nan noman shinkafa ya bunƙasa, amma ruwan da ya kwanta ya yawaita dodon koɗi, cutar tsargiya ta bazu cikin jama'a.