Bishiyar Da Amurkawa Ke Aikawa Ta'aziyya

A dandalin tunawa da harin 11 ga Satumba a birnin New York akwai bishiyoyi sama da 400, amma guda ɗaya ce jama'a ke yi wa cincirindo. Fiya ce ta ƙasashen sanyi, asalin irinta daga Sin, ba wadda muke yankawa mu ci da burodi ba. 'Ya'yanta ƙanana ne, sai dai tsuntsaye su ci.

A watan Oktoba na 2001 masu tonon ɓaraguzan dogayen benaye biyu da harin ya rushe suka ci karo da ita, rassa sun ƙone, saiwoyi sun tsinke, da ƙyar take da sauran rai. Aka kai ta wani lambun renon itatuwa a unguwar Bronx, aka yi ta jinyarta har 2010, sannan aka dawo da ita. Wanda ya matsa kusa zai ga tsohon kututture mai kaushi da tabo, daga jikinsa kuma sababbin rassa sumul sun miƙe sama. Da sanyi ya wuce takan cika da fararen furanni. Nan masu ziyara kan tsaya shiru, wasu su ajiye furanni, wasu su share hawaye. A gindinta Shugaba Barack Obama ya ajiye nasa furannin a watan Mayu na 2011.

Da yawa na cewa tsayawa gabanta na sanyaya musu zuciya. Ni ban ɗauka itace na da ikon warkar da kowa ba, amma na gane dalilinsu sarai. Mutum kusan 3,000 suka rasu a ranar harin, kuma iyalai da dama ba su sami ko gawar da za su binne ba. Mai irin wannan rashi yana bukatar wurin da zai je ya tsaya.

Daga 2013 aikawa da dashen bishiyar ya zama al'ada. Akan tsiro da 'ya'yanta, ɗaliban wata makarantar sakandare a Queens su reni dashen, a aika wa garuruwan da masifa ta faɗa musu. A shekarar farko Boston ta samu bayan bam ɗin gasar gudu, haka ma Prescott ta jihar Arizona, wadda ta rasa 'yan kwana-kwana 19 a gobarar daji. A 2015 dashen ya ƙetare teku zuwa Madrid, inda aka tayar da bama-bamai a jiragen ƙasa a 2004.