Inda gwanjon duniya ke ƙarewa

Kowane mako tufafin gwanjo kimanin miliyan 15 ke shiga kasuwar Kantamanto da ke Accra, babban birnin Ghana, a ƙiyasin ƙungiyar The Or Foundation mai aiki a kasuwar. Daga Ingila da Amurka da Kanada da Sin ake jibgo su, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari bola suke nufa.

Tun daga masana'anta matsalar take. Kamfanoni irin su Shein da Zara suna fitar da sabon yayi ba ƙaƙƙautawa, da araha, har mai saye kan jefar da riga bayan sawa kaɗan. Ɗan kasuwa a Accra kuwa a ɗaure yake sayen dila, sau da yawa da kuɗin bashi. Sai ya kwance yake ganin tsummokaran da ya biya wa kuɗi. Wannan zalunci ne.

Da yawa daga cikin kayan na poliyesta ne, zaren da ake yi da man fetur, ba ya ruɓewa. Yana toshe magudanun ruwa, ya bi tafkin Korle zuwa teku, ya cuɗe da ragar masuntan unguwar Jamestown. Jujin Kpone da ke wajen Accra ya cika har ya kama wuta a 2019.

Telolin Kantamanto suna ceto tufafi masu yawa da gyara da rini da sake ɗinki. Faransa kuma tun 2007 ta ɗora wa kamfanoni biyan kuɗin sarrafa tufafinsu bayan sun tsufa. Accra ta cancanci kaso daga irin wannan kuɗi, tunda a can sharar ke zubewa.