Ƙoƙi-ƙoƙi a Ƙasar Bukkuyum: Yadda Za a Gane Shi

Ana roƙon Hakimai da malamansu su karanta wa dagatai wannan bayani, domin manoma da yawa su kan kashe ƙoƙi-ƙoƙi bisa zaton dangin fara ne. Alhali kuwa ba ya taɓa tsiro. Abincinsa fara ne da tsutsa da ƙudaje, ko da ya ke in ya sami zuma ba ya ƙyale ta.

Gane shi ba wuya. Kansa mai kusurwa uku ne, yana juya shi ya dubi bayansa. Hannuwansa biyu na gaba masu ƙaya ne, a naɗe. Ƙarfin fara kuwa a ƙafafun baya ya ke.

Masana sun ƙidaya irinsa fiye da 2,400 a duniya. Wanda aka fi gani a gonakin dawa da wake shi ne babban kore, watau Sphodromantis, mai tsawon wajen inci 3, da farin ɗigo a kowane fiffike. Akwai wani siriri, Mantis religiosa, wanda Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya raɗa wa suna a 1758. Alamarsa baƙin tabo ne a gindin hannu ta ciki. Ya fi son dogon haki, irin na fadamun Gulbin Zamfara da Gulbin Ka. Na uku, Tarachodes, sai mai haƙuri ke ganinsa, gama ya kan lafe jikin itace, launinsa sak da ɓawo. Macen wani irinsa har gadin ƙwanta ta kan yi.

Kada a dogara ga launi kaɗai, domin iri ɗaya ya kan fito kore ko ruwan ƙasa. A dubi tabo da siffar jiki.

Macen ta kan zuba ƙwai cikin kumfa, ya bushe ya zama ƙunshi mai tauri manne da reshe ko kara, sau da yawa da ƙwai fiye da 100 a ciki. Nan ne ɓarna ta ke. Gobarar daji da kaka tana cinye waɗannan ƙunshi, maganin feshi kuma ba ya bambanta shi da fara.

Saboda haka a hori mutanen Anka, da Gummi, da Bukkuyum su rage ƙunar daji, kada kuma su yi feshi sai inda ɓarna ta bayyana. Wanda ya tsinci ƙunshin ƙwai a karan da ya yanka, ya saƙale shi a shingen gona.